An ce kina da sugan masu ciki, zuciyarki ba ta yarda ba: yadda na warware tawa shakkar

Cikina na sati 26 ranar da Sista ta miƙo mini takardar gwaji, ta zagaye lamba ɗaya da jan biro. Ciki na uku ke nan, shekaruna 33, ina koyarwa a wata firamare a nan Kano, a tsaye nake tun daga taron safe har a tashi. Ba ni da jiki, kuma ban taɓa zama mai shan zaƙi ba. Lambobi uku ne a takardar: 94, 166, 131. Ta farkon aka zagaye. Ta ce, "Malama, kina da sugan masu ciki, ki jira ki ga likita kafin ki tafi." Na ce, "Sista, anya ba a haɗa jinina da na wata ba?" Ta ce iyakar 92 ce, ni kuwa na kai 94.

Biyu kacal. Tun daga bakin asibiti har adaidaita sahu ya sauke ni a ƙofar gida, wannan biyun nake juyawa a raina. Da daddare na kira yayata da ke aikin jinya a Ingila na karanta mata lambobin. Ta ce, "A ma'auninmu na nan da ba a rubuta miki suga ba, mu sai lambar safe ta kai 5.6, wajen 100 ke nan a lissafinku. Amma ƙanwata, kada ki yi matashi da maganata ki kwanta. Ki sayi na'urar gwajin suga ki riƙa gwadawa." Rabin farko na maganarta na riƙe, rabin ƙarshe sai da na yi sati ɗaya cur kafin na waiwaye shi.

Domin ke nake wannan rubutu, wadda aka faɗa wa irin abin da aka faɗa mini, kika fito zuciyarki na cewa sam. Ba zan ce ki daina shakka ba, don shakkar tana da tushe. Akwai dai hanyar warware ta, kuma hanyar ba ta bi ta ƙauracewa awo.

Abin da takardar nan take nufi

Gwajin da ake yi tsakanin sati 24 da 28 ga yadda yake: ki kwana ba ki ci komai ba na awa 8 zuwa 14, a ɗebi jini, a ba ki giram 75 na gulukos, wani irin suga, da aka narka a ruwa ki shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, sannan bayan awa biyu. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2013, idan lambar safe, wato ta ɗiban farko kafin ki sha gulukos, ta kai 92, ko ta awa ɗaya ta kai 180, ko ta awa biyu ta kai 153, kina da shi. Ɗaya daga ciki ta wadatar. Idan takardarki ƙananan lambobi ne masu ɗigo, irin 5.1 da 10.0 da 8.5, ma'aunin mmol/L ne, sai ki ninka da 18 ki samu irin nawa. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma takardunsu kan zo da 0,92 g/L, shi ne dai 92 ɗin.

Daga ina aka samo 92? Akwai wani babban bincike da aka wallafa a 2008, ana ce masa HAPO, da ya bi mata sama da 23,000 a ƙasashe 9. Abin da ya nuna shi ne, gwargwadon yadda sugan uwa ya ɗaga, gwargwadon yadda jariri ke ƙara girma, matsalolin haihuwa ke ƙaruwa, kuma babu wata lamba da haɗarin ke farawa daga kanta kwatsam. Tudu ne ake hawa sannu a hankali. Dole masana suka zauna suka ja layi a wani wuri, wasu ƙasashe kuma suka ja nasu a wani wurin. Shi ya sa yayata ta yi gaskiya, Sista ma ta yi gaskiya. Mai 91 da mai 94 maƙwabtan juna ne, kuma wannan ba ya wanke mai 94 ɗin, sai dai ya ja kunnen mai 91.

Akwai abubuwan da kan ɓata gwajin, kuma idan ɗaya ya same ki, ki faɗa wa likita ƙarara. Idan kin sha shayi ko kin ɗan taɓa wani abu da asuba. Idan kina zazzaɓi ranar. Idan kin yi aman ruwan gulukos ɗin. Idan kina shan magani irin su dexamethasone ko prednisolone, ko ƙwayoyin ƙara ƙiba da mata ke saya a kasuwa, da yawansu wannan sinadarin ne a ciki, kuma yana ɗaga suga sosai. Haka nan idan kin ƙuntata wa kanki abinci kwanaki kafin gwajin don tsoron sakamako, hakan ma kan sa lambar bayan gulukos ta hau. A irin waɗannan kina da haƙƙin neman a sake. In babu ko ɗaya, yawancin likitoci ba sa maimaitawa, domin mace ɗaya za ta iya faɗuwa yau ta haye jibi, kuma hayewar jibi ba ta goge faɗuwar yau.

Wani abu da ya sanyaya mini gwiwa da na ji shi: jinin da aka ɗiba, idan ya daɗe a ajiye kafin a auna, ƙwayoyin jinin na ci gaba da cinye sugan da ke ciki. Ke nan jinkirin ɗakin gwaji rage lamba yake yi. Kuskuren da nake fatan an yi mini, da an yi shi, da ƙasa zai ja lambata.

Da na shiga wurin likita da hujjojina, tambaya biyu ya yi mini. "Malama, yaronki na biyu kilo nawa aka haife shi?" Na ce 4.1. Na tuna yadda 'yan barka ke ɗaga shi suna cewa tubarkalla, ƙato, na kuma tuna ɗinkin da na sha. "Akwai mai suga a gidanku?" Na ce Babanmu, shekara tara yana shan magani. Ya ce to, siranta ba ta kare kowa. Ya zana mini a bayan katin awo: mabiyiya tana fitar da wasu sinadarai da ke sa jikin uwa ya daina jin insulin, sinadarin da ke sauke sugan jini, yadda ya saba, don abinci ya isa ga ɗan tayi. Yawancin mata jikinsu kan ƙara yawan insulin ya cike giɓin, wasu kuma ba ya iya cikewa. Sugan da ya yi yawa yana tsallakawa wurin jariri, shi kuma sai ya riƙa yin nasa insulin da yawa, ya tara kitse, musamman a kafaɗu da ciki. Daga nan ake samun kai ya fito kafaɗa ta maƙale, ko a kai ga yin aiki, ko sugan jariri ya faɗi bayan an yanke cibi. Uwa kuma haɗarin hawan jini da jijjiga na ƙaruwa mata.

Kada ki nemi hujja a inda babu ita. "Ai lafiyata ƙalau nake ji" ba hujja ba ce, mafi yawan masu sugan ciki ba sa jin komai, ƙishirwa da yawan fitsari kuwa kowace mai ciki tana yi. Gwajin fitsari na ranar awo ba ya tabbatarwa, ba ya korewa, balle a ce a zuba ido a ga ko kiyashi zai taru. Gwaji ɗaya a kemis da rana tsaka shi ma bai ce komai ba. Akwai kuma gwajin HbA1c mai nuna matsakaicin watanni biyu zuwa uku, ba a dogara da shi wajen gano sugan ciki, kuma ƙarancin jini ko sikila na iya karkatar da shi.

Na'urar da yadda ake aiki da ita

Kafin ki zaɓi na'ura, tambayi kuɗin tsinkenta, wato ɗan siririn abin da ake ɗiga jinin a kai, da kuma ko ana samunsa a unguwarku. Na'urar sau ɗaya ake saya, tsinken ne ke cin kuɗi. Ni Accu-Chek Active na saya don kowane babban kemis na kusa da mu yana da tsinkenta. Gwangwani ɗaya tsinke 50 ne, idan kina gwaji huɗu a rana bai kai sati biyu ba. Daga sati 27 zuwa haihuwa na ci gwangwani bakwai. Ki zauna da maigida ku yi wannan lissafin tun farko, ya shiga cikin kuɗin cefane. In ya yi muku nauyi, ki faɗa wa likita kada ki ji kunya, zai iya tsara miki ki riƙa yin na safe kullum, na bayan abinci kuma ki riƙa juyawa, yau na kalaci, gobe na rana, jibi na dare.

Ki duba ranar lalacewar tsinke kafin ki biya. Ki bar su a cikin gwangwaninsu, ki rufe nan take bayan kin zaro ɗaya. Zafi da raɓa suna kashe su, don haka ban da kicin, ban da kan taga, ban da cikin mota. Ni a cikin durowar gado nake ajiyewa. Ranar awo ta gaba ki tafi da na'urar, ki sa ma'aikaciya ta kalli yadda kike yi, ta duba ko ma'aunin na'urar ya yi daidai da lambobin da aka ba ki.

Ki wanke hannu da sabulu, ki goge ya bushe sarai. Wannan matakin ne aka fi rainawa, shi ne kuma ya fi tayar da hankali a banza. Wata ranar Asabar na yanka wa yara mangwaro, na goge hannu da gefen zani, na gwada: 187. Jikina ya yi sanyi, har na ɗauko waya zan kira maigida. Sai na ga yatsana yana danƙo. Na wanke, na sake, 121. Zaƙin da ke kan fata na'urar ta karanta. Idan kina inda babu ruwa, ki goge ɗigon farko da auduga mai tsabta ki yi amfani da na biyu.

Ki huda gefen kan yatsa, kusa da farce amma ba jikinsa ba, nan ya fi ƙarancin zafi. Ki riƙa sauya yatsu. Lokacin hunturu jini kan ƙi fitowa, sai ki wanke da ruwan ɗumi, ki saki hannun ƙasa, ki murza daga tafi zuwa yatsa a hankali. Kada ki matse kan yatsan da ƙarfi, ruwan jiki na gauraya da jinin. Allurar da kika yi amfani da ita ki jefa a robar ruwa mai murfi, nesa da yara, in ta cika ki kai asibiti.

Da zarar an ji kina da na'ura, maƙwabta za su fara sallama: "Maman yara, ɗan gwada ni mana." Ni ma an yi mini. Ba a haɗa allurar huda da kowa, ko alƙalamin da ake sa ta a ciki, ko da mijinki ne, saboda ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini. Ki ba su haƙuri, ki nuna musu kemis.

Lokutan gwaji huɗu ne. Na farko da kin farka, kafin komai ya shiga bakinki sai ruwa, awa 8 zuwa 10 bayan cin ƙarshe. Ni da na tashi sallar asuba nake yi, kafin alwala. Sauran ukun bayan kalaci, bayan abincin rana, bayan na dare. Ana ƙirgawa daga lomar farko, ba daga wanke hannu ba, don haka ki saita ƙararrawar waya da kin yi bisimilla. Likita zai ce miki awa ɗaya ko awa biyu, ki tsaya a kan wanda ya zaɓa. Abin da ake nema: lambar safe ƙasa da 95, bayan awa ɗaya ƙasa da 140, bayan awa biyu ƙasa da 120. A ɗaya ma'aunin 5.3 da 7.8 da 6.7 ke nan. In asibitinku sun ba ki wasu lambobi da suka ɗan bambanta, nasu za ki bi.

Ki san kuma cewa na'urar gida ba ta kai ta ɗakin gwaji daidaito ba. Ƙa'idar da aka gindaya wa masu ƙera ta ta yarda da kuskuren da ya kai 15 sama ko ƙasa a ƙananan lambobi, kashi 15 cikin 100 a manya. Saboda haka lamba ɗaya ba ta yanke hukunci. Kada ki huda yatsu uku a jere ki zaɓi wadda ta fi yi miki daɗi. Abin da likita ke dubawa shi ne maimaituwa, a ce lambar safe ta wuce sau huɗu a sati, ko ta bayan kalaci kullum tana sama.

Littafin ya fi na'urar muhimmanci. Na ɗauki littafin rubutu mai shafi 40 irin na ɗalibaina, na ja layuka: rana, lokaci, lamba, abin da na ci da yawansa. Na bar fili a gefe na rubuta irin su "ban yi barci ba", "zazzaɓi", "biki", "na taka zuwa makaranta". Rashin barci da rashin lafiya da tashin hankali duk suna ɗaga lamba.

Ga kuskuren da na yi, ina roƙonki kada ki maimaita shi. Kwana biyar na farko so nake in kai wa likita littafi mai tsabta in nuna masa an yi mini ƙazafi. Sai na daina cin tuwo, na daina shinkafa, na koma ganye da ƙwai da ruwa. Lambobin suka yi kyau, 98, 104, 101 bayan abinci. Ni kuma jiri nake gani a gaban allo. Da ya buɗe littafin bai ko tsaya kan lambobin ba, layin abinci ya bi da yatsa. Ya ce, "Malama, wannan littafin bai gaya mini komai a kan jikinki ba, ya dai gaya mini kina da yunwa. Yaron nan yana buƙatar abinci." Ya ce mai ciki na buƙatar aƙalla giram 175 na sitacin da ke cikin abinci a rana, kuma zama da yunwa na sa jiki ya ƙona kitse ya fitar da wani sinadari da ba a so ya taru a jinin mai ciki. In har gaskiya kike nema, ki ci abincinki na gida daidai misali, ki bar lemon kwalba da kayan zaƙi, ki rubuta abin da ya fito ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba.

Abin da kwanon gidanmu ya nuna

Na koma cin abinci, littafin ya fara magana. Koko da suga cokali biyu da ƙosai uku: 163 bayan awa ɗaya. Na cire sugan gaba ɗaya: 149. A nan na gane gasarar kanta suga take zama, kuma abin da aka niƙa aka tace aka dama, aka sha da ruwa-ruwa, ya fi komai saurin shiga jini. Da safe kuma jikin mai ciki ya fi ƙin jin insulin. Na mayar da kalacina ƙosai biyar da dafaffen ƙwai da shayi ba suga: 118. Alale ma haka. Kokon da nake so sai na mayar da shi ƙaramin kofi da hantsi, tare da gyaɗa.

Tuwon shinkafa malmala biyu ya ba ni 158. Malmala ɗaya, kamar dunƙulen hannuna, da miyar taushe mai yawan ganye da nama ko kifi: 127. Shinkafa da wake, idan waken ya rinjayi shinkafar, ga salak a gefe, ba ta wuce 130. Farar shinkafa da miya kuwa sai na rage ta sosai. Fura ɗaya a cikin kindirmo mai yawa, ba suga, ta zauna lafiya, biyu ba ta zauna ba. Waina da gurasa da farin burodi sun ba ni wahala. Ɗanwake ya danganta da mai yin sa, wanda garin rogo ko fulawa ya yi masa yawa yana ɗagawa. Waɗannan lambobin jikina ne, naki na iya bambanta, shi ya sa ba wanda zai rubuta miki littafinki.

Za a ce miki ki koma tuwon alkama ko acca, wai su ne abincin masu suga. Suna da kyau, amma su ma sitaci ne, malmala uku ta alkama za ta ɗaga ki kamar kowane tuwo. Za a ce zuma da dabino ba sa cutarwa. Abinci ne masu albarka, zaƙinsu kuma na'urar tana ganinsa. Kwalbar lemo ta santilita 35 tana ɗauke da suga kusan cokalin shayi 9, lemon malt da ake kawo wa mai ciki don ƙarin jini shi ma haka yake cike da zaƙi. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi na sayarwa, ba ki san abin da aka zuba ba.

Dabaru uku suka fi yi mini aiki. Na raba abincina gida shida, manya uku da ƙanana uku, ƙananan su ne gyaɗa, awara, kwaɗon zogale, gwaiba ko yankan gwanda. Na daina ci a faranti ɗaya da yara, don a tire ba ka sanin abin da ka ci. Sannan tafiya: minti 15 zuwa 20 bayan cin abinci, ko zagayen tsakar gida ne. Na gwada da abinci iri ɗaya kwana biyu a jere, ranar da na kishingiɗa 144, ranar da na zagaya 126.

Surukata, Allah ya saka mata, da ta ji labari sai ga ta da galan na dafaffen garafuni da ganyen darbejiya. Ta ce, "'Yata, ɗaci ke kashe zaƙi, ki riƙa sha safe da yamma." Na durƙusa na karɓa na yi godiya, na ce, "Hajiya, likita ya hana ni shan kowane jiƙo har sai na sauka, saboda abin da ke cikin." Na buɗe mata littafin, na nuna mata yadda zogale da wake ke saukar da lambar. Tun daga ranar duk Juma'a sai ta aiko da zogale daga bishiyar gidanta. Ba a san adadin abin da ke cikin jiƙo ba, wasu itatuwan kuma suna taɓa mahaifa. Ki ƙi sha, amma ki ƙi da ladabi.

Sati 32

Sati huɗu lambobina suna kyau, har na fara cewa a raina ashe dai na yi gaskiya. Sai lambar safe ta fara tafiya: 93, 96, 98, 97, 102, 104. Abincina bai canza ba. Na gwada cin abincin dare da wuri, na gwada ɗan kindirmo da gyaɗa kafin barci, na ƙara tafiya. Ta ƙi sauka. Likita ya ce dama haka ake tsammani, mabiyiya na girma, sinadaranta na ƙaruwa, lambar safe kuma hanta ce ke sakin sugan cikin dare, ita ce wadda abinci ya fi kasa juyawa. Da na ajiye na'urar a sati 29 don lambobi sun yi kyau, da duk wannan ya wuce ban sani ba. Ranar na daina jayayya da jan biron Sista.

Ya ɗora ni a kan metformin, ƙwayar rage suga, tare da abincin dare. Kwanakin farko cikina ya ɗan lalace, daga baya ya daidaita, lambar safe ta koma tsakanin 86 da 92. Mata bakwai zuwa takwas cikin goma abinci da motsa jiki kaɗai ke isar su, saura kuma sai da magani, kuma ba sakacinsu ba ne. Idan aka ce insulin, kada ki firgita. Ba ya tsallakawa wurin jariri, allurar siririya ce ƙwarai, kuma mafi yawan mata ana tsayar musu da shi da zarar sun haihu. Wanda ba a buɗe ba a firji ake ajiyewa, ban da wurin ƙanƙara. Wanda ake amfani da shi yana yin kusan sati huɗu a wuri mai sanyi, in babu wuta sai a sa shi a leda ko roba mai murfi a ajiye a jikin randa. Mai allurar insulin ta riƙa yawo da suga a jaka: in kin ji rawar jiki, gumi, jiri ko yunwa mai tsanani, ki gwada, in ƙasa da 70 ne ki sha cokalin shayi huɗu na suga a ruwa ko rabin kwalbar lemo, ki sake gwadawa bayan minti 15, sannan ki sanar da likita.

Azumi ya riske ni a cikin wannan hali. Likita ya ce kada in yi, na sa maigida ya tambayi malamin unguwarmu, shi ma ya ce shari'a ta yi wa mai ciki rangwame idan tana tsoron cutuwa ga kanta ko ga abin da ke cikinta, ya yi masa bayanin abin da ke kaina bayan na samu lafiya. Ya yi mini ciwo in ga ana sahur ba ni, amma wuni da yunwa sannan a buɗe baki da kunu da dabino da lemo, ga mai sugan ciki faɗuwa ce da rana, hauhawa da dare.

Akwai abubuwan da ba a jira ranar awo a kansu. Motsin jariri ya ragu ko ya canza. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu. Jini ko ruwa ya zubo. Amai da ya hana ki riƙe abinci, ko zazzaɓi. Lamba ta kai 200 bayan kin wanke hannu kin sake. Ko tsakar dare ne ki tafi asibiti. Za a kuma riƙa yi miki hoton ciki a watannin ƙarshe don duba girman jariri da yawan ruwa, kada ki tsallake. Haihuwar nan a asibiti za ki yi ta, ki shirya da maigida da Hajiya tun da wuri, don ba a barin mai sugan ciki ta zarce lokacinta da yawa.

Na haihu a sati 39, mace, kilo 3.3, da kaina. Na sa ta a nono tun ba a fitar da mu daga ɗakin haihuwa ba, domin shan nono da wuri shi ke riƙe sugan jariri. Bayan 'yan awanni aka huda dugaduginta aka gwada, ya yi daidai. Aka tsayar mini da maganin ranar.

Saura abu ɗaya da mata da yawa ke mantawa cikin hidimar jego da wankan ganye da kunun kanwa. Tsakanin sati 6 zuwa 12 bayan haihuwa ana so ki koma a sake gwada ki, a tabbatar sugan ya tafi tare da mabiyiya. Kusan rabin matan da suka yi sugan ciki suna kamuwa da ciwon suga na dindindin a shekaru masu zuwa, shayarwa da kula da nauyi da tafiya suna rage wannan haɗarin. Idan kika sake samun ciki, ranar awon farko ki faɗa, a gwada ki tun da wuri ba sai sati 24 ba. Ni na koma kwana uku bayan arba'in, jaririyar na goye, lambar safe ta fito 84. Sista ɗin nan ce dai ta miƙo mini takardar, ta ce in dawo baɗi war haka. Na rubuta watan a shafin ƙarshe na littafin, na mayar da shi durowar gado tare da na'urar.